Theodore Maiman: Mutumin da ya fara kunna hasken leza

A wasu masana'antun ƙera jiragen sama da na kayan asibiti a yau, akwai injunan da ke samar da kayan ƙarfe ba tare da guduma ko zarto ko zubi ba. Suna shimfiɗa garin ƙarfe ne mai laushi, sai wani siririn haske ya bi ta kansa yana narkar da inda ake so, hawa bisa hawa, har kayan ya kammala.

Wannan haske shi ake kira leza. Mutumin da ya fara samar da shi a duniya kuwa shi ne Theodore Harold Maiman, wani masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Amurka, a ranar 16 ga watan Mayun 1960.

Ya cim ma hakan ne da kuɗi kaɗan da mataimaki guda, a lokacin da manyan cibiyoyin bincike ke ta fafutukar ganin sun riga kowa. Amma duk da haka mujallar da ya fara kai wa rahotonsa ta ƙi bugawa, kuma har ya bar duniya ba a ba shi lambar yabo ta Nobel ba.

Tashinsa da karatunsa

An haifi Maiman a birnin Los Anjeles na jihar Kalifoniya ranar 11 ga watan Yulin 1927. Mahaifinsa, Abraham Maiman, injiniyan lantarki ne mai sha'awar ƙirƙire-ƙirƙire. Tun yana ƙarami iyayensa suka koma birnin Denver da ke jihar Kolorado, inda mahaifin ya ware wani ɗaki a gida domin gwaje-gwaje.

A wannan ɗaki ne yaron ya saba da wayoyi da kayan lantarki. Kafin ya kammala makarantar sakandare har ya fara samun na kashewa ta hanyar gyaran rediyo da sauran kayan lantarki na gida.

Ya yi aikin sojan ruwa na kimanin shekara guda a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan ya shiga Jami'ar Kolorado, inda ya sami digirinsa na farko a shekarar 1949. Ya wuce Jami'ar Stanford ya yi digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a 1951, sannan ya sami digirin digirgir a fannin fiziks a 1955.

Malamin da ya duba aikinsa shi ne Willis Lamb, wanda ya ci lambar Nobel a wannan shekara ta 1955. A ƙarƙashinsa Maiman ya yi bincike kan ƙwayar zarrar iskar hiliyom, kuma da hannunsa ya haɗa yawancin kayan awon da ya yi amfani da su. Haɗa ilmin fiziks da ƙwarewar injiniya shi ne abin da ya bambanta shi da abokan gasarsa daga bisani.

Asalin tunanin

Hasken rana ko na fitila cakuɗe yake da launuka daban-daban, kuma yana bazuwa ta ko'ina kamar jama'a idan kasuwa ta watse. Shi kuwa hasken leza launinsa ɗaya ne, yana tafiya a layi guda da taku guda kamar sojoji a fareti. Shi ya sa ake iya tattara ƙarfinsa duka a kan ɗigon da bai kai kaurin gashin kai ba.

Albert Einstein ne ya aza harsashin wannan ilmi a shekarar 1917. Ya nuna cewa idan ƙwayar zarra ta cika da kuzari, sai kuma ƙwayar haske ta gifta ta kusa da ita, to zarrar za ta saki wata ƙwayar hasken mai kama da ta farko sak. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, haka abin zai yi ta ninkuwa.

An shafe fiye da shekaru talatin ba wanda ya mai da wannan bayani na'ura. Sai a 1954 Charles Townes da abokan aikinsa a Jami'ar Kolumbiya da ke New York suka bayyana wata na'ura mai suna meza, wadda ke aiki da wannan ƙa'ida, amma da igiyoyin rediyo gajeru waɗanda ido ba ya gani. A Tarayyar Sobiyet ma Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov sun yi irin wannan aiki a birnin Mosko.

A watan Disambar 1958 Townes da surukinsa Arthur Schawlow suka wallafa wata maƙala da ke bayanin yadda za a iya yin irin wannan da haske. Nan da nan gasa ta kaure. Cibiyar bincike ta Bell da kamfanonin IBM da Westinghouse da jami'o'i da dama duk suka shiga. Ma'aikatar tsaron Amurka ta bai wa wani kamfani mai suna TRG kusan dala miliyan ɗaya domin wannan aiki.

Dutsen da aka raina

Shi dai Maiman ya fara aiki ne da kamfanin ƙera jiragen sama na Hughes a 1956. A can aka ɗora masa aikin gyara wata na'urar meza ta rundunar sojan Amurka, wadda ke amfani da jan yaƙutu. Ya rage ta daga abin da ya kai nauyin tan biyu da rabi zuwa 'yan kilo kalilan, kuma ta fi ta da aiki.

Wannan aiki ya sa ya san halin yaƙutu ciki da waje. Ba na haƙowa daga ƙasa ba ne, a masana'anta ake haɗa shi, kuma ɗan sinadarin kuromiyom da ke cikinsa shi ke ba shi launin ja.

Sai dai a lokacin manyan masana sun riga sun yanke ƙauna daga wannan dutse. A wani taro da aka yi a jihar New York a watan Satumbar 1959, Schawlow ya bayyana cewa irin wannan yaƙutu ba zai dace da aikin ba. Akwai kuma wani awo da aka wallafa da ke nuna cewa ɗan kaɗan ne kawai daga hasken da dutsen ya sha yake mayarwa. Don haka yawancin masu binciken suka karkata ga iskar gas da tururin wasu ƙarafa, waɗanda ke da wuyar sarrafawa.

Maiman bai gamsu ba, ya sake yin awon da kansa. Abin da ya gano shi ne dutsen na mayar da mafi yawan hasken da ya sha. Matsalar da ta rage ita ce samun fitila mai tsananin ƙarfi da za ta cika ƙwayoyin kuromiyom ɗin da kuzari a lokaci guda.

Shugabannin Hughes ba su ɗauki aikin da wani muhimmanci ba, amma suka amince ya ci gaba. Abin da aka kashe gaba ɗaya bai wuce dala dubu 50 ba.

Maimakon ya ƙera sabuwar fitila, sai ya duba takardun tallan kamfanoni. A nan ya ga fitilar walƙiya ta masu ɗaukar hoto da kamfanin General Electric ke sayarwa, mai siffar nannaɗaɗɗen bututu. Ba ta daɗewa a kunne, amma a cikin ɗan ƙiftawar da take yi haskenta ya isa abin da yake bukata.

Ranar 16 ga watan Mayu

Na'urar da ya haɗa ba ta wuce a riƙe ta a tafin hannu ba. Ɗan sandan yaƙutu ne da bai kai tsawon yatsa ba, an goge bakinsa biyu an shafa musu azurfa domin su zama madubi, aka bar 'yar ƙofa a gefe guda inda hasken zai fita. Aka zura shi a tsakiyar fitilar, aka rufe su cikin wani gwangwanin alminiyom.

A ranar 16 ga watan Mayun 1960, a cibiyar binciken Hughes da ke Malibu a gaɓar tekun Pasifik, Maiman da mataimakinsa Irnee D'Haenens suka soma gwaji. Suna ƙara ƙarfin lantarkin fitilar kaɗan-kaɗan suna kallon na'urar awo. Da suka kai wani mataki sai alamar ta yi tsalle, launin hasken ya tsuke ya zama ja guda ɗaya tak. Hasken na kai da komo tsakanin madubin biyu yana ninka kansa, daidai yadda lissafi ya nuna.

Ya rubuta rahoto ya aika wa mujallar Physical Review Letters, amma editanta, Samuel Goudsmit, ya mayar masa da shi. Mujallar ta riga ta gaji da maƙalu kan na'urar meza, kuma ana ganin an ɗauki rahoton Maiman a matsayin ƙarin irinsu ne.

Daga nan ya taƙaita bayanin zuwa kalmomi kimanin 300 ya aika wa mujallar Nature ta Birtaniya, wadda ta buga shi ranar 6 ga watan Agustan 1960.

Kafin nan, saboda fargabar kada wani ya riga su, kamfanin Hughes ya kira taron manema labarai a birnin New York ranar 7 ga watan Yuli. Maiman ya yi bayanin amfanin da hasken zai yi a fannin sadarwa da likitanci da masana'antu, amma washegari abin da wasu jaridu suka fi zuzutawa shi ne wai an ƙirƙiro hasken kisa. Wannan ya ɓata masa rai matuƙa.

Hoton da aka raba wa 'yan jarida ma ba na ainihin na'urar ba ne, domin an sa wata fitila da ta fi girma saboda ta fi kyau a hoto. Masu bincike a wasu cibiyoyi suka dubi hoton, suka sayi irin wannan babbar fitilar, cikin 'yan makonni su ma suka samar da hasken. Hakan ya tabbatar da cewa aikin nasa gaskiya ne.

Rabon yabo

Bayan nasarar Maiman sai ƙofa ta buɗe. A watan Disambar 1960 Ali Javan, haifaffen ƙasar Iran, da abokan aikinsa a cibiyar Bell suka samar da leza mai aiki da iskar gas. A 1961 likitoci a New York suka yi amfani da lezar yaƙutu wajen aikin ido. A 1964 Kumar Patel, haifaffen Indiya, ya ƙirƙiro leza mai aiki da iskar kabon, wadda ke da ƙarfin yanka ƙarfe.

A shekarun farko dai mutane da yawa ba su san abin da za a yi da hasken ba, har D'Haenens kan yi wa maigidansa ba'a cewa sun samo magani ne suna neman cutar da zai warkar. Masu bincike kan gwada ƙarfin na'urorinsu ta hanyar ƙirga yawan rezar aski da hasken zai iya hudawa.

A 1964 aka bai wa Townes da Basov da Prokhorov lambar Nobel saboda aikin da ya kai ga samar da meza da leza. Schawlow ma ya samu tasa a 1981. An gabatar da sunan Maiman fiye da sau ɗaya, amma ba a taɓa zaɓensa ba.

Masu goyon bayan kwamitin Nobel na cewa lambar ta waɗanda suka gano ƙa'idar kimiyya ce. Magoya bayan Maiman kuwa na ganin cewa maƙalar 1958 ba ta nuna hanyar da ya bi ba, hasali ma ɗaya daga cikin marubutanta ya ce dutsen ba zai yi ba. Shi kansa ya riƙe wannan takaici har tsufansa, kuma ya zayyana shi a littafin tarihin rayuwarsa, The Laser Odyssey, da ya fito a shekarar 2000.

Ta fuskar kuɗi ma bai samu wani abin kirki daga Hughes ba. An ba da takardar mallakar fasahar a watan Nuwamban 1967, amma haƙƙin na kamfanin ne, abin da aka biya shi kuwa dala 300 ne.

Ya bar Hughes a 1961, a shekara mai zuwa ya zama shugaban kamfanin Korad mai ƙera manyan na'urorin leza. Bayan kamfanin Union Carbide ya mallake shi a 1968, ya kafa nasa kamfanin na tallafa wa sababbin fasahohi, sannan ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin TRW daga 1976 zuwa 1983.

Duk da rashin Nobel, ya sami wasu manyan lambobin yabo, ciki har da ta Wolf a fannin fiziks da kuma ta ƙasar Japan a 1987. A 1984 aka shigar da sunansa cikin jerin fitattun masu ƙirƙira na Amurka.

Daga yaƙutu zuwa ginin ƙarfe

Tun fil azal hanyoyi uku ɗan Adam ya fi sani na sarrafa ƙarfe. Akwai ƙira, inda maƙeri ke gasa ƙarfe ya daka shi a kan uwar maƙera, kamar yadda ake ƙera garma da lauje a Birnin Kebbi da Argungu. Akwai zubi, irin na masu narka alminiyom su zuba a ramin yashi su fitar da tukunya. Akwai kuma sassaƙa, inda inji ke rage dunƙulen ƙarfe har siffar da ake so ta fito.

Hasken leza ya fara shiga wannan fage ne ta hanyar huda da yanka da walda. A 1965 kamfanin Western Electric ya yi amfani da shi wajen huda lu'ulu'un da ake jan waya ta cikinsa, a 1967 kuma aka yanka farantin ƙarfe da shi a Ingila.

Hanya ta huɗu, wato gina ƙarfe hawa-hawa, ta biyo baya ne. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin, Carl Deckard, tare da malaminsa Joe Beaman, suka ɓullo da dabarar manne gari da hasken leza. A 1995 masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus suka soma aikin narkar da garin ƙarfe gaba ɗaya, ta yadda abin da aka gina zai yi ƙarfi kamar wanda aka zuba.

Aikin ya yi kama da na maginiyar tukwane, wadda ke ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye har tulu ya tashi. Da farko ana zana kayan a kwamfuta, ita kuma ta yanyanka zanen zuwa ɗaruruwa ko dubban falle. Injin zai shimfiɗa garin ƙarfe mai kaurin kashi 20 zuwa 60 cikin dubu na milimita ɗaya, hasken ya narkar da siffar fallen farko, faifan ya ɗan sauka ƙasa, a sake shimfiɗa wani garin. Idan kaurin kowane hawa kashi 40 ne, sai an yi hawa 250 kafin a sami santimita ɗaya.

Ana yin aikin ne a cikin rufaffen akwati da aka cika da iskar agon ko naitirojin, domin kada ƙarfen ya ƙone ko ya yi tsatsa. Idan an gama sai a kakkaɓe ragowar garin, a tace shi a sake amfani da shi. Galibi akan gasa kayan a tanda daga baya domin kada ya lanƙwashe ko ya tsage, sannan a goge shi.

Amfanin wannan hanya shi ne tana iya fitar da siffar da guduma ko injin sassaƙa ba za su iya ba, kamar ƙananan hanyoyi masu lanƙwasa a cikin cikin ƙarfe. Fitaccen misali shi ne bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda ke cikin jiragen Airbus A320neo da Boeing 737 MAX. A da guntaye kusan 20 ake haɗawa, amma kamfanin General Electric ya mai da shi guda ɗaya, nauyinsa kuma ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Ya zuwa 2021 masana'antar kamfanin da ke Auburn a jihar Alabama ta samar da guda dubu 100.

A fannin lafiya ma ana gina ƙugu da haƙoran ƙarfe daidai da jikin majinyaci. A 2011 likitoci suka dasa wa wata tsohuwa mai shekaru 83 muƙamuƙin titaniyom da wani kamfani a Beljiyam ya gina ta wannan hanya.

Sai dai fasahar na da iyakarta. Injunan da garin ƙarfen na da tsada, aikin na tafiya a hankali, kuma ana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa tsawon sa'o'i ko kwanaki. Garin wasu ƙarafan ma kan kama da wuta idan aka yi sakaci. Saboda haka manomin shinkafa a fadamar Zauro da injin ban ruwansa ya lalace, har yanzu mai walda da maƙeri da mai sayar da kayan gyara su ne mafi kusa da shi kuma mafi araha. Inda fasahar ta fi amfani shi ne kayan da ba a bukatarsu da yawa, masu wuyar siffa, ko waɗanda aka daina ƙerawa.

Ba Maiman ne ya ƙirƙiro waɗannan injuna ba, kuma ba yaƙutu suke amfani da shi ba, domin yawancinsu na aiki ne da lezar da ake samarwa a cikin zaren gilashi. Amma dukkansu a kan abin da ya tabbatar a Malibu suke tafiya. Haka ma wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1, da hasken leza suke ɗaukar saƙonnin waya da na intanet.

Ƙarshen rayuwarsa

Maiman ya auri matarsa ta biyu, Kathleen, a 1984. A 1999 suka koma birnin Vancouver na ƙasar Kanada, inda ya yi aiki da Jami'ar Simon Fraser wajen tsara darussa kan amfani da haske a fannin likitanci.

Ya rasu a Vancouver ranar 5 ga watan Mayun 2007 yana da shekaru 79, bayan fama da wata cuta da ba a cika samun irinta ba, wadda ke sa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su yi yawa fiye da kima.

Na'urarsa ta farko ta kasance a hannunsa har ƙarshen rayuwarsa. A 2010, lokacin bikin cikarta shekaru 50, an sake kunna ta a Vancouver, kuma ta yi aiki.

Hukumar UNESCO ta ware ranar 16 ga watan Mayun kowace shekara a matsayin Ranar Haske ta Duniya domin tunawa da gwajin da ya yi, kuma an fara bikin ne a shekarar 2018.